Baƙin Zare

Ni Ermete, tela ne a bakin kogin Po,
shagona na fuskantar agogon majalisar gari.
Shekara talatin ina auna kafaɗun maza,
na san wanda ya rame,
na san wanda ya yi tumbi da kuɗin bashi.

Samarinmu sun dawo daga yaƙi
aljihu wayam, ido ba barci.
Masaƙa ta rufe, burodi ya hau tsani.
Can babban birni ana sauya gwamnati
yadda nake sauya allura:
wannan ta karye, a ɗaura wata,
kafin la'asar ita ma ta bi.

Sai ga Oreste, ɗan mai gashin burodi,
da bandir ɗin baƙin yadi a wuya.
Riga goma sha biyu, Asabar zai karɓa.
Ya zube kuɗi sababbi fil
masu ƙamshin aljihun masu gonaki.
Zelinda ta leƙo daga kicin:
"Wannan baƙin ba na makoki ba ne."
Na ce tela ba ya tambayar riga inda za ta.

Ta je.
Ta je ofishin ƙungiyar manoma da galan ɗin fetur.
Ta je gidan Anselmo, malamin makaranta,
ta ɗura masa man gelo kwalba guda
ta zaga kasuwa da shi yana zubar da mutuncinsa a wando.
Ɗan sanda na tsaye,
agogo yake dubawa.
Wasu sun yi dariya. Ni ban yi ba,
ban kuma ajiye almakashi ba.

Lauyoyi suna gwada kwat a gaban madubina,
suna cewa: kare ne, bar shi ya kori kyarkeci,
in ya gama mu sa masa sarƙa.
Sun manta su tambayi karen
wuyan wa ya auna.

Mai gidansu bai fasa ƙofa ba, ku rubuta wannan.
Buɗe masa aka yi, aka karkaɗe kujera.
Ya rantse da kundin ƙasa da hannun dama,
hagun na laluben bakin zare.

Ranar zaɓe na shiga layi da safe.
Mutum biyu a gefen akwati, kulki a hammata.
Na gane ɗinkina a wuyan na dama,
maɓallin nan na uku da na ɗan karkace.
Ya ce, "Baba Ermete, ɗaga takardar mu gani."
Na ɗaga.

Daga nan abin bai ƙara yin ƙara ba.
Jarida ta fito da fararen gurabu,
sannan ta daina fitowa.
Kansila Tullio ya tafi sayen taba
shekara huɗu ke nan, hularsa na wurina.
Magajin garin da muka zaɓa ya koma kiwon zuma,
aka aiko wani da takarda da hatimi.
Jam'iyyu bakwai suka zama ɗaya,
gaisuwa ta zama hannu a sama,
rediyo ta zama baranda
da murya ɗaya tana tsawa a kanta.
Sai a ce mini: ai yanzu titi shiru.
Maƙabarta ma shiru ce, ban faɗa ba.

Jiya 'yata ta kawo Nello,
shekararsa takwas, haƙori biyu babu.
Makaranta ta ce kowa da rigarsa kafin Litinin.
Ya buɗe hannuwa yana dariya don awo na masa cakulkuli.
Zelinda ta juya mana baya tana yanka albasa,
albasar da ba ta ƙarewa.

Na rubuta kafaɗa, na rubuta ƙirji.
Na buɗe aljihun keke ina neman zare,
fari ya ƙare tuntuni,
ban ma lura ba.